Sawu a Soron Alhaji Kabiru

An wayi gari a Tsafe aka tarar da ƙofar baya ta Gidan Soro a ɓalle. A bakin ƙofar ga sawun babur, ga kwanson harsashi a ƙasa. 'Yan sa-kai suka shiga, suka fito da buhu daga cikin babban soron gidan. Da aka kwance bakinsa sai ga harsasai, da ƙwayoyi, da tsohuwar rigar soja. Kafin hantsi ya ɗaga magana ta gama gari: ɓarayin daji suna kwana a gidan, kuma Mu'azu mai kula da shi ne yake buɗe musu.

Aka ɗaure Mu'azu. A wannan zamani in aka kira mutum infoma, mai kai wa ɓarayi rahoto, ba a cika kai shi gaban alƙali ba. Bayan duwatsu ake kai shi, kuma ba a dawowa da shi.

Matarsa Delu ta ari waya ta kira kawunta a Bungudu.

Kawun nata, Mahadi, tsohon maharbi ne kuma mai bin sawu. Da can in an kore shanu, daga Bungudu har Wonaka shi ake nema. Ya ajiye aikin tun ranar da aka kawo gawar abokinsa a kan amalanke, saboda abokin ya bi sawun da ya kai shi sansanin mutanen daji. Tun daga ranar ko akuya aka sace sai ya ce idonsa ya mutu. Idonsa lafiya lau. Tsoro ne.

"Kawu, kashe shi za su yi," in ji Delu. "Sun ce da an yi la'asar za su tahi da shi."

"Shi ya yi?"

"Kawu!"

"Tambaya na yi."

"Wallahi Mu'azu ko kaza sai ya kira maƙwabci ya yanka mai."

Mahadi ya ajiye wayar. Delu ɗiyar ƙanwarsa ce, shi ya aurar da ita. Ya ɗauki sandarsa ya nufi tasha.

Daga Gusau zuwa Tsafe babu wanda ya yi magana a motar. Direba yana tuƙi, idonsa na bakin daji. Wata tsohuwa a baya tana jan carbi har ana jin ƙararsa. Duk inda aka hangi babur daga nesa sai kowa ya sunkuyar da kai, har da Mahadi.

Gidan Soro ba ya ɓace wa baƙo. Wani falken goro ya gina shi zamanin da jirgin ƙasa ya fara zuwa Gusau, ya ɗauko magina daga Zazzau. Na ƙasa ne tun daga tushe har zankwayensa. Babban soron an yi masa ɗaurin guga, azara a jere kamar an saƙa tabarma, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Daga magadan falken Alhaji Kabiru mai hatsi ya saye shi, a nan ya tarbiyyantar da 'ya'yansa. Da ya rasu kowa ya koma gidan siminti. Aka bar Mu'azu. Shi yake hawa ya yi yaɓe kafin damina, ya share indararo, ya toshe inda ɓera ya yi rami. Irin wannan gini in aka yi masa sakaci damina biyu, sai dai labarinsa.

Yanzu magada sun amince su sayar wa Hajiya Madina, 'yar garin da ke kasuwancin atamfa a Gusau. Ta yi alkawari a gaban mai unguwa ba za ta taɓa ko zanko guda ba, kuma Mu'azu zai ci gaba da aikinsa. A ranar aka shirya ƙulla cinikin, shi ya sa duk magadan suna gari.

Mahadi ya tarar da ƙofar gidan cike da mutane. Wasu na cewa a kira katafila a baje shi, kamar yadda aka yi wa gidajen infoma a wasu garuruwa. Shugaban 'yan sa-kai, Bashar, yana zaune a kan dakali da bindiga a cinya. An kashe masa ƙanne biyu a gona bara, kowa ya sani.

"Baba Mahadi," ya ce. "An ce ka makance."

"Yau na ɗan gani."

"In don surukinka ka zo roƙo, koma."

"Ba ni roƙon yaran da na girme wa ubansu. Sawu na zo dubawa. In na sami wani ba shi ba, ka sake shi, kuma wanda na samu hannun 'yan sanda za ka kai shi, ba bayan dutse ba."

"In kuma shi ne?"

"In shi ne, ba za ka ji bakina ba."

Bashar ya dubi rana. "La'asar, Baba. Ba na ƙarawa."

An kulle Mu'azu a wani shagon taki da babu kowa. Hannunsa a baya, idonsa ɗaya ya kumbure, ƙafarsa ta hagu da shan-inna ya lanƙwasa tun yana yaro tana miƙe a gefe.

"Ka ji babur jiya?" in ji Mahadi.

Mu'azu ya kau da kai.

"Da kai nike."

"Na ji, Kawu. Bayan ruwa ya ɗauke. Na ji an bugi ƙofar baya."

"Mi ka yi?"

"Na rufe wa Delu baki, muka lafe. In na fito mi zan yi musu? Da tsintsiya zan kore su?"

"Da gari ya waye mi ya hana ka faɗa?"

"Wa zan faɗa wa? In na faɗa, su ji, su dawo. In ban faɗa ba, ga shi." Ya fashe da kuka. "Kwaɗon soron ba a fasa shi ba, Kawu. Da makulli aka buɗe. Shi ya sa suka ce ni ne."

"Ina makullin yake zama?"

"A alkuki, ɗan ramin bangon nan da ke saman ƙofa. Tun zamanin Alhaji."

"Wa ya san haka?"

"Duk wanda ya tashi a gidan."

Daga nan Mahadi ya je wurin Umar mai shayi, wanda teburinsa ke jingine da katangar gidan. Shi ne ya fara cewa ya ga Mu'azu yana sayen burodi da yawa.

"Awo, na gani da idona," in ji Umar. "Leda cike. Shi da matarsa kaɗai, wa zai cinye?"

"Yaushe?"

"Satin da ya wuce."

"Satin da aka yi yaɓen katangar nan da kake jingine da ita?"

Umar ya waiwaya ya dubi katangar. Yaɓen sabo ne, har yanzu ana ganin shatin yatsu.

"Leburori nawa ka gani a kan tsani? Su ba su cin burodi?"

"To, ni dai abin da na gani na faɗa."

"Ka faɗi rabi, ana shirin yanka mutum da shi."

Umar ya sunkuya yana goge kofin da ya riga ya goge. "Baba, in ban faɗa ba a ce ni ma da ni. Teburina a jikin gidan yake. Ka je ka tambayi Mansur. Shi ya rantse gidan nan ba zai kai baɗi a tsaye ba."

Mansur shi ne auta a 'ya'yan Alhaji Kabiru, yana da rumbun hatsi a kasuwa. Bai ɓoye komai ba.

"Na faɗa, kuma in sake faɗa. Ƙasa ce da itace. Wani mai gidajen mai ya zo yana son filin, ga shi a bakin hanya. Yaya Bara'atu ta ce sai dai bayan ranta. Yaya Abdulrashid ya bi bayanta. Aka rinjaye ni. Yanzu ga shi ɓarayi sun mai da shi masauki."

"Ina ka kwana jiya?"

"A gidana. Kai, tsoho, ni kake tuhuma?"

"Kowa nike tuhuma."

Mahadi ya tafi yana ganin ya sami mutuminsa. Amma zargi ba sawu ba ne. Ya zagaya bayan gidan.

Ruwan jiya ya yi masa aiki, ƙasa ta riƙe komai. Sawun babur ya fita daga ƙofar baya ya miƙe wajen duwatsu. Mahadi ya tsaya a bakin gonar ƙarshe. Dawa ta kai ƙirji, iska na kaɗa ta, kowane motsi sai ya ga kamar mutum ne a tsugune. Ya nemi wani ɗan sa-kai ya raka shi, mutumin ya ce ba a ba shi umarni ba. Ya shiga shi kaɗai, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Wata fakara ta tashi a gabansa, sandarsa ta faɗi daga hannunsa. Ya daɗe kafin ya iya sunkuyawa ya ɗauka.

Taya ba ta nutse ba. Mutanen daji bibbiyu ko uku-uku suke hawa, da bindigogi, tayarsu tana yanka ƙasa. Wannan mutum ɗaya ne, kuma bai saba da hanyar gona ba, sau da yawa ya sa ƙafa ƙasa don kada ya faɗi. Takalmin danko ne a ƙafarsa, irin wanda mutanen daji ke sawa. Kafin a kai gindin dutse sawun ya yi kwana, ya bi bayan makabarta, ya hau kwalta ya ɓace.

Da ya dawo an riga an yi azahar. Ya gaya wa Bashar.

"Ɗan aikensu ne," in ji Bashar. "Ya kawo kaya, Mu'azu ya buɗe mai. Wannan bai wanke kowa ba."

Gaskiya ya faɗa. Mahadi ya ga an fara zuba mai a baburan 'yan sa-kai. Delu tana zaune a ƙasa kusa da shagon taki, ta daina kuka, ido kawai take bin sa da shi.

Ya shiga gidan. Ya bi takalmin dankon daga ƙofar baya, ta tsakar gida, ta gefen rijiya. Mutumin bai yi dube-dube ba, bai leƙa ɗaki ko ɗaya ba, kai tsaye ya nufi soro a cikin duhu. A bakin ƙofar soron, gefe guda inda ƙafafun 'yan sa-kai ba su taka ba, Mahadi ya tsaya. Sawun takalman biyu ne a jere, kai da kai, sun fuskanci bango. Ba tafiya ba ce. Ajiye su aka yi.

Ya leƙa ciki. Ƙasan soron farin yashi ne, irin na da, Mu'azu yana share shi ya daidaita. Tsakiya duk 'yan sa-kai sun tattake da takalmansu. Amma a jikin bango ga sawun ƙafa tsirara. Ba ta Mu'azu ba ce, tasa jan ƙasa take yi. Wannan siririya ce, yatsu a matse, ƙafar mutumin da ke wuni cikin rufaffen takalmi. Ta shiga, ta yi baka ta kauce wa wani wuri a gabas inda babu komai, ta kai lungun da aka sami buhu, ta dawo ta sake kauce wa wurin.

Hajiya Bara'atu, babbar 'yar gidan, tana zaune a zaure tare da ƙannenta biyu, Abdulrashid da Mansur, da kuma Hajiya Madina. Abdulrashid ma'aikaci ne a Gusau, mutum mai sanyin magana, shi yake ta ba Hajiya Madina haƙuri tun safe.

"Hajiya," in ji Mahadi, "mi ke gabas a cikin soro?"

"Babu komai yanzu. Da nan buzun Baba yake."

"Ana shiga soron da takalmi?"

"A gidan nan? Ko hakimi ya zo sai ya tuɓe. Baba ya taɓa zane Mansur har ya kwanta ciwo a kan silifas."

"Ban manta ba," in ji Mansur.

Mahadi ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Wanda ya kawo buhun nan ya tuɓe takalmi a ƙofa. Ƙafarsa tana nan a yashi. Ɓarawon daji ba ya tuɓe takalmi ko a masallaci."



Ya sa Delu ta share tsakiyar soron ta daidaita yashin, ta bar sawun jikin bango. Ya ce a kira Bashar da mai unguwa da Umar mai shayi, a kawo Mu'azu. Ladan ya fara gyaran murya a lasifikar masallaci.

"A ciki za mu yi magana," in ji Mahadi. "Kowa ya shiga."

Ya tsaya a bakin ƙofa, idonsa a ƙasa. Bara'atu ta zare takalminta ta shiga. Hajiya Madina ta bi ta. Aka jawo Mu'azu, dama babu komai a ƙafarsa. Mansur ya watsar da silifas ba tare da ya duba ba, ya taka yashin. Ƙafa ce faffaɗa kamar faranti, duk kaushi. Ba ita ba ce. Da Mansur ya dogara tun rana, ga kuma kiran salla ya fara.

Sai Abdulrashid ya zo. Ya ɗan tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga ƙafa, ya shiga da baƙin takalminsa mai igiya.

Bara'atu ce ta yi magana.

"Abdul. Mi ke ƙafarka?"

"Yaya, ciwo nike da shi a ɗan yatsa."

"Tun yaushe? Da safe na gan ka kana alwala."

"Ai su Bashar ma da takalmi suka shiga."

"Su Bashar a gidan nan aka haife su?" in ji Bara'atu. "Ranar da aka ɗauki gawar Baba daga soron nan, ana ruwa, ana turereniya, sai da ka tsaya ka kwance igiya. Tuɓe."

"Yaya..."

"Tuɓe na ce!"

Bashar ya gyara riƙon bindigarsa. Ƙarar ƙarfen ta cika soron. Abdulrashid ya durƙusa ya kama igiyar takalmin, yatsunsa suka kasa kwancewa. Sai ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

"Ba mutum na nufa ba," ya ce. "Wallahi ba mutum na nufa ba. Gidan kawai. In hukuma ta ce maɓoya ce, za a rushe, fili ya rage. Na riga na ba mai gidan man hannu, na ji kunyar faɗa miki. Na ɗauka za a tambayi Mu'azu a sake shi."

"A sake shi?" in ji Delu daga bakin ƙofa. "A garin nan? Alhaji, tun safe kana zaune a zaure kana jin ihunsa."

Mansur ya yi kan Abdulrashid, mai unguwa ya riƙe shi. Bashar ya matso a hankali.

"Harsasan fa? A ina ka samo?"

"Saye na yi. Wurin wani a Gusau."

"To kai ka san masu sayarwa." Ya juya ga yaransa. "Ku ɗauko igiyar."

Mahadi ya dogara da sanda ya shiga tsakaninsu. Bakin bindigar yana daidai cikinsa.

"Mun yi magana da kai a kan dakali."

"Wannan daban ne, Baba."

"Ba daban ba ne. Da safe ma ka tabbata, ga wanda ka tabbata a kansa a ɗaure. In ka kai wannan bayan dutse, wa zai nuna mai sayar da harsashin? Gawa?"

A waje ana ta da iƙama. Bashar ya tofar da yawu ta bakin ƙofa, ya ce mai unguwa ya kira 'yan sanda, a fitar da mutumin ta ƙofar baya kafin jama'a su fito daga masallaci. Shi da kansa ya yanke igiyar hannun Mu'azu. Bai ba shi haƙuri ba.

Hajiya Madina ta ce cinikinta yana nan, ba ta fasa ba. Bara'atu ta miƙa mata makullan tana kuka. Ita kuma ta juya ta miƙa wa Mu'azu.

"Malam Mu'azu, ga gidanka. Zan sa a kai ka asibiti, in ka warke ka ci gaba."

Mu'azu bai karɓa ba. Hannuwansa sun kumbura, ko rufe su ba ya iyawa. Ya ɗaga kai ya dubi azarar soron, ya daɗe yana kallo.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Waɗanda suka riƙe ni aka ɗaure, da su nike sahu ɗaya a masallaci. Gobe in aka ji harbi a bayan gari, gidan wa za a fara zuwa?"

Umar mai shayi ya sulale ya fita.

"Kawu," in ji Mu'azu, "akwai ɗaki a Bungudu?"

"Akwai."

Delu ta shiga ta ƙulle kayansu a zane guda. Ba su da yawa.

Hajiya Madina ta biyo su har zaure da makullai a hannu. Hadari ya fara haɗuwa a gabas.

"Baba, damina ba ta ƙare ba. Akwai tsaga a bayan soron, shi kaɗai ya san yadda ake yi mata. Wa zai hau?"

"Ki tambayi waɗanda suka ɗaure shi," in ji Mahadi.

Ya sa kafaɗa ya tallafi Mu'azu. Suka nufi tasha da sauri gwargwadon ƙafar gurgu, don in rana ta yi ƙasa babu direban da zai yarda ya hau hanyar Gusau.